Sawun Taya a Zaman Makoki

Ruwan farko na shekarar ya sauka a Agiye da asuba. Kafin rana ta ɗaga, ƙasa ta sha ta ƙoshi, mutane sun watse gonaki da ƙwaryar iri, gari ya rage daga tsofaffi sai awaki. Insifekta Auta yana buro, wato ofishinsa, yana fama da tagar da iska ta ɓalle, sai wani manomi ya shigo komisariya, ofishin 'yan sanda, laka har gwiwa. Ya ce ga mutum can kwance a kwanar gawo, kan hanyar Gazawa, saniya tana tsaye a kansa tana kuka.

Auta ya kusa ajiye aiki, kuma bai taɓa yin suna ba. Hali ɗaya abokan aikinsa suka san shi da shi, tsayawa kallon abin da ba a aike shi kallo ba. An taɓa samunsa tsugune a bakin kasuwa yana bin jerin tururuwa da ido, don ya ga inda suke kai fiffiken fara. Shi ya sa aikin da ba mai so yake faɗowa kansa.

Itacen kwanar ya fara zubar da ganye, kamar yadda gawo ke yi idan sauran itatuwa suka shiga murnar ruwa. A gindinsa mamacin yake. Bafulatani ne, manomin ya ce sunansa Jaye, rugarsu tana wajen Gangara. Saniyar tana ɗingishi, ga alama gari zai kai ta wurin mai maganin dabbobi.

Auta ya daɗe tsaye bai taɓa komai ba. An kwantar da Jaye kan haƙarƙarinsa na dama, fuska tana duban gabas. An rufe masa ido. An ɗaure masa haɓa da yankin farin ƙyalle, an ƙulla a tsakar kai yadda masu wankan gawa ke yi. Sandarsa da malafarsa suna jere a gefe. Cinyarsa kuwa a dagargaje take, jinin ya bi ruwa ya gangara gona.

"Wa ya gyara shi haka?"

"Haka na iske shi, ranka shi daɗe. Ko kusa ban matsa ba."

Auta ya kwance ƙyallen ya sa a aljihu. Ya ce wa manomin, in ya ji zancen ɗaurin haɓar nan a gari, ya san bakin da ya fito.

Daga nan ya koma kan titi. Kwalta idan ta yi watanni tana shan baƙin mai da kashin dabbobi, ruwan farko yakan mayar da ita kamar an zuba mata miyar kuɓewa. Sawun ya nuna motar ta fito daga Agiye da gudu. A kwanar, gabanta ya bi hanya, bayanta ya ƙi, ya zagayo ya share gefen da Jaye ke tafiya, sannan ta faɗa cikin yashi. Da za ta fita sai ta haƙa ramuka huɗu, kowace ƙafa da nata.

Ya tsuguna kan ramukan. Na gaba suna da zane mai zurfi, tsaf kamar tsagar fuskar Bagobiri. Na baya sumul, ba zane ko ɗaya, sai wani tabo a sawun hagu mai yatsu uku kamar ƙafar kaza, yana dawowa duk juyin taya.

Abin ya tsaya masa a rai. Motar da ke tura ƙasa da ƙafafunta huɗu ita ake kira kat-kat, kuma ta masu hali ce. Duk ƙarfinta, wurin da take taɓa ƙasa bai wuce tafin hannu huɗu ba, da su take riƙe da ran na ciki da na waje. To wane mai hali ne zai sa mata sabbin tayoyi a gaba, ya bar mata suɗaɗɗu a baya? Ya ɗauki hoton tabon da wayarsa.

Bai gama da gawar ba aka kira shi tasha. Wata mata ta ce ta hangi fijon Balarabe, direban haya, tsaye a kwanar da sassafe. Matasan gari, waɗanda ko sunan Jaye ba su sani ba, sun fasa gilasan motar sun cinna mata wuta. Da ƙyar Auta ya zaro Balarabe daga hannunsu, leɓe a fashe. Fijon ta cinye ƙurmus, tayoyinta suka koma waya da toka.

A buro Balarabe ya rantse bai bi hanyar Gazawa ba tun jiya.

"Lakar da ke gindin wandonka ja ce," in ji Auta. "Ta cikin gari baƙa ce."

Balarabe ya dubi wandonsa.

"Na bi, ranka shi daɗe. Na gan shi, na tsaya. Da na ga an shimfiɗe shi kamar an fito da shi daga ɗaki, na koma mota na tafi. Na ce duk wanda aka iske a nan shi ne mai laifi. Kuma takardun motata sun daɗe da mutuwa."

"Ka ga wata mota?"

"Ban ga kowa ba. Saniya kaɗai."

Auta ya yarda da shi, don fijo da ƙafafun baya kawai take tura ƙasa, ba ta haƙa rami huɗu. Amma yardar Auta ba ta buɗe ƙofar kurkuku. Kafin la'asar amalanken shanu sun tattake ramukan, tayoyin fijon da za a gwada sun ƙone, ga shaidar matar, ga ƙaryar da Balarabe ya fara yi. Komise, shugaban komisariyar, ya ce gari ya yi zafi, ba zai iya riƙe mutumin a nan ba har abada. In aka yi sadakar bakwai ba a samu wani ba, za a miƙa shi Maraɗi, gidan kaso. Matarsa Delu ta shimfiɗa zanenta a ƙofar komisariya. Kullum tana nan da ƙwaryar fura, ba ta yi wa kowa magana.

Washegari Auta ya je wurin likitan da ya duba gawar.

"Nan take ya mutu?"

"Ina fa. Jini ne ya ƙare masa a hankali. Ya kai tsawon abin da za a ɗora shinkafa ta nuna. Da an sami mai ɗaure masa cinyar tamau daga sama, ko da tsumma ne, aka kawo mini shi, da yanzu yana nan yana zagin allurata."

Auta ya sa hannu a aljihu ya taɓa ƙyallen. Bai fito da shi ba.

Kwanaki suka wuce. Ya zagaya masu faci na Agiye da na Gazawa da hoton ƙafar kazar, kowa ya girgiza kai. Ya leƙa ƙarƙashin duk kat-kat ɗin da ya gani, har direbobi suka fara cewa Insifekta ya zama makanike. Da ya rasa abin yi, sai ya hau babur ya tafi rugar su Jaye gaisuwa.

Ƙanen mamacin, Bakari, shi ya tarbe shi. Dogo ne siriri, Hausarsa a hankali take fita, kamar yana zaɓen kalmomin daga cikin buhu. Aka zauna kan tabarmi aka yi addu'a. Bakari ya ce mutanen gari sun yi ƙoƙari. Alhaji Sabi'u mai aya, na Agiye, shi ya aiko da likkafani da buhun gero, alhali bai san su ba.

"Haka yake yi wa duk mai rashi," in ji wani tsoho. "In gawa ba ta da mai wanka, shi ke naɗe hannun riga."

An yi yayyafi da safe, yashin gaban rugar yana da danshi. Auta yana amsa addu'a, idonsa yana ƙasa yana kallon sawun mutane, don haka yake. Sawun yara, sawun kofato, sawun gora da aka ja. Sai ya ga ƙafar kaza mai yatsu uku a tsakiyar sawun mutum. Ya ƙifta ido. Tana nan, kuma ga wata gaba kaɗan, ga wata, har bakin tabarmar da aka jera takalma.

Takalmin taya ne, irin wanda makiyaya ke sawa, sabo, yankan bai ko dushe ba. Ya juya na hagun. Tabon yana tsakiyar tafin.

"Na wane ne wannan?"

"Nawa ne," in ji Bakari. "Yawon sanar da dangi ya tsinke mini tsohon. Na saya ranar kasuwar Gangara, wurin Sale."

"Ara mini ƙafa ɗaya."

Bakari ya dube shi. "Ɗan sanda yanzu takalmi yake kamawa?"

"Zan mayar maka. Ka zo buro ranar sadakar bakwai, bayan kun tashi."

Bai gaya masa dalili ba. Ya rasa bakin da zai faɗa da shi a gaban masu makoki.

Sale mai takalmi yana rumfarsa a Gangara, tsakanin tulin baƙar roba, wuƙa a hannu. Da farko ya ce duk tayoyinsa daga ƙetaren iyaka ake kawo masa su, ba ya tuna wannan daga waccan.

"Wannan faɗin ba na motar haya ba ne," in ji Auta. "Sau nawa a shekara kake yanka tayar kat-kat?"

Sale ya goge wuƙar a cinyarsa.

"An ce kada in faɗa, ranka shi daɗe. Sadakar ɓoye ce, in na faɗa na ɓata wa mutum lada."

"Akwai mai kwana a kulle saboda wannan ladan."

"Alhaji Sabi'u ne. Da kansa ya zo, cikin ƙaramar motar gidansu, ya sauke mini guda biyu. Ya ce in yanka su ranar nan, kada su kwana, in sayar wa talakawa da sauƙi. Kafin kasuwa ta tashi sun ƙare."

A hanyar komawa Auta ya yi ta juya abin. In ka ƙone taya, baƙin hayaƙi zai kira unguwa. In za ka binne ta, sai ka nemi mai haƙa. Amma in ka kai wa Sale, kafin magariba ta bi ƙafafun mutane ta watsu daji, kuma a yi maka addu'a a kai.

Alhaji Sabi'u ya karɓe shi a zaure, farin rawani, tasbaha a hannu, ƙamshin aya da turare a ko'ina. Ya ce lallai ya ba Sale tayoyi, sun daɗe yashe a sito suna tara kunamu. Ba na motarsa ba ne, wani direba ya bari.

"Zo ka ga tawa, Malam Auta, in hankalinka zai kwanta."

Motar tana cikin gida, baƙa, ƙatuwa, an matsa gefenta na hagu jikin katanga har kyanwa ba za ta ratsa ba. Alhaji ya dafa ta kamar mai dafa doki.

"Wannan ba ta zamewa. Ƙafa huɗu take ja, tana da hankalinta a ciki. In ɗaya ta rasa ƙasa sai ta ba sauran ƙarfin. Ni nake tuƙa ta da kaina, ban taɓa rage gudu don ruwa ba. Dubi tayoyin, duka sababbi."

"Ta fita ranar ruwan farko?"

"Ko ƙofa ba ta leƙa ba. Ko ba haka ba, Faruku?"

Ɗansa Faruku, saurayi da bai daɗe da dawowa daga lakol, makarantar boko, a Yamai ba, yana tsaye a bayansu. Ya ce haka ne, yana kallon bango.

Auta ya tsuguna. Tayoyin duka sababbi ne, gaskiyar Alhaji. Amma an wanke motar, ba a soke cikin zanen ba. Na gaba akwai busasshiyar jar laka maƙale a ciki. Na baya ba laka, sai ɓawon aya da zaren gizo. Kan kusoshinsu kuma ƙarfe ya yi fari, inda sifana ta ci kwanan nan. Ya miƙe ya yi godiya ya tafi.

Yanzu ya san motar. Abin da bai sani ba shi ne dalilin da ya sa aka cire mata tayoyi masu kyau aka ajiye a sito, aka sa mata matattu. Yana kwance bayan azahar sai ya tuna ranar da aka yi ruwan, jajiberinta an yi biki a Gazawa, har jandarma suka kori masu wasan mota.

Filin ƙwallon Gazawa har yanzu da sauran da'irori a wurin da ƙasar ta yi tauri. A bakin filin wata mata mai suna Mairama tana tuyar ƙosai. Ya sayi na ci, ya tambaye ta bikin.

"Ai mun sha ƙasa, ɗana. In an ɗaura aure yanzu, sai samari sun zo sun yi ta juya motoci suna ihu, wai taya ango murna. Har cikin maina."

"Ɗan Alhaji Sabi'u ya zo?"

Ta yi dariya. "Faruku? A bikin da ya wuce shi aka yi wa ature. Abokansa da tsofaffin motoci suna ta juyi kamar 'yan bori, shi ya zo da ƙatuwar ta ubansa. Ya taka, ya murɗa, ta ƙi. Sai ta kama ƙasa ta miƙe kamar an aike ta. 'Yan mata suka sa mata suna Liman, wai ba ta rawa. Wannan karon kuwa ban san abin da ya ba ta ba. Gindinta ya yi ta wurgawa har sai da na kwashe kaskona."

Auta ya ajiye ƙosan bai ƙarasa ba. Motar da aka ƙera don ta riƙe ƙasa, an kwance mata hannu biyu don ta yi rawa a biki.

Ranar sadakar bakwai da hantsi ya koma gidan Alhaji da 'yan sanda biyu. Ya sa aka tura motar daga jikin katanga. Bayanta na hagu a lotse yake, fitilar a fashe. Suka koma zaure, ya ajiye takalmin Bakari a kan tabarma, tafin yana sama, ya ajiye wayarsa kusa da shi da hoton sawun.

"Faruku, kai ka sa wa motar nan suɗaɗɗun tayoyi a baya?"

"Ni ne. Don wasan biki. Na ce da safe in mayar da nata."

"Ka mayar?"

Faruku ya saci kallon ubansa. Alhaji yana jan tasbaha, idonsa a kan takalmin.

"Ban samu na mayar ba," in ji Faruku. Muryarsa ta yi ƙasa. "Da asuba na fita da ita. Ta zame mini a kwanar. Ni na buge shi."

"Alhaji, ka ji abin da ɗanka ya ce?"

"Na ji. Ƙaddara ce. Allah ya sa kaffara ce gare shi."

Ɗan sanda ya fito da ankwa. Alhaji bai motsa ba. Ƙarar ƙwayar tasbaha kawai ake ji. Auta ya bari aka sa wa yaron ankwar, yana kallon uban, yana jira. Uban ya gyara zaman rawaninsa.

"Da ka buge shi, Faruku," in ji Auta, "yaya ka bar shi?"

"Yadda ya faɗi. Ban ko fito ba, na ja mota na gudu."

Auta ya gyaɗa kai, ya juya ga Alhaji.

"To haka za a karanta a gaban alƙali, haka kuma za a maimaita a ƙofar masallacinku. Ɗan gidan Alhaji Sabi'u ya bar Musulmi yashe a bakin titi kamar jakin da mota ta take. Fuska cikin laka, baki buɗe, ba mai rufe masa ido, ba mai laƙƙana masa kalmar shahada. Gidan da ke raba likkafani."

"Ba haka aka bar shi ba."

Maganar ta fita kafin Alhaji ya kama ta.

"Yaya aka bar shi, Alhaji?"

Auta ya zaro farin ƙyallen daga aljihu ya shimfiɗa shi kusa da takalmin. Gefe ɗaya a daje yake da zare, irin na bakin rawani, ɗaya gefen a yage.

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Da ya buɗe baki, da muryar mai ba da labarin asarar kasuwa ya yi magana.

"Na fito masallaci na ce in je in ga ko ruwan ya kai gonar ayata. Na tuƙa yadda na saba. Kwanar nan na sha ta ba adadi. Ban san yaron nan ya canza mini ƙafafun mota ba, da ya gaya mini da duk wannan bai faru ba. Na fito na same shi yana numfashi. Na ja shi gindin itace. Ban gudu ba, Malam Auta, ka rubuta wannan. Na zauna da shi cikin ruwa har ya cika. Yana ta cewa a kama masa saniyarsa. Na laƙƙana masa shahada, ya amsa. Na rufe masa ido, na yagi rawanina na ɗaure masa haɓa. Ko ɗan'uwansa ba zai yi masa fiye da haka ba."

"Motarka ta fita daga yashin lafiya?"

"Lafiya lau."

"Daga kwanar zuwa likita, a motarka, ai ko shayi ba zai huce ba. Mi ya hana ka sa shi ciki?"

"Na duba cinyar, na ga ba mai tashi ba ne."

"Kai likita ne?"

Alhaji ya ajiye tasbahar.

"Gari ya fara wayewa. In na shiga da shi Agiye, kowa zai gani."

Auta ya ɗauki ƙyallen ya miƙar da shi tsakanin hannayensa biyu. Dogo ne, mai ƙwari.

"Likita ya ce da an ɗaure masa cinya da ko tsumma ne, aka kai shi, da yana raye. Wannan ya isa, har da saura. Kana da shi a kanka tun yana numfashi. Ka jira har ya zama na haɓa."

Ɗan sandan ya cire ankwar daga hannun Faruku. Yaron bai murza hannun ba, ubansa yake kallo.

"Baba, da bai tambaya ba, da ka bari an tafi da ni?"

Alhaji ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Ya roƙi Auta alfarma ɗaya, a bar shi ya bi su a motarsa, kada a ratsa kasuwa da shi a bayan ta 'yan sanda. Auta ya ce motarsa ta zama shaida. Aka ɗora shi a bayan tsohuwar a-kori-kurar komisariya, wadda tayoyinta ba su fi na fijon Balarabe ba. Hadari ya haɗo, an fara yayyafi, direban ya ja ta a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, har masu rumfuna suka sami lokacin fitowa su gani da kyau.

Ana shiga da Alhaji ana fito da Balarabe. Delu ta naɗe zanenta ta ɗauki ƙwaryarta. Balarabe ya tsaya a ƙofa yana ƙifta ido cikin haske.

"Ranka shi daɗe, motata fa?"

Auta ya ce za a bincika waɗanda suka ƙone ta. Su duka biyun sun san iyakar maganar ke nan. Balarabe ya bi matarsa, suka bi ta bayan gari don kada su ratsa tasha.

Bakari yana zaune gindin katanga tun ɗazu, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da wani tsohon silifa da ya ara. Ya ga wanda aka shigar.

"Mai likkafanin ne?"

"Shi ne."

"Takalmina fa?"

Auta ya tsuguna kusa da shi. Ya ce takalmin zai daɗe bai dawo ba, sai an gama shari'a. Sannan ya gaya masa daga wace taya aka yanke shi, da abin da tayar ta yi a kwanar gawo.

Bakari ya dubi ƙafarsa ta dama tsawon lokaci. Da wannan ya zagaya rugage yana karɓar gaisuwar ɗan'uwansa, da shi ya tsaya a kan kabarin da safen nan. Ya sunkuya ya zare shi, ya ajiye a kan dakalin komisariya. Ya cire silifar ma ya ɗora a gefe, ya ce a mayar wa mai shagon da ke kallon ƙofa.

"Gangara da nisa," in ji Auta. "Bari in kai ka a babur."

Bakari ya girgiza kai. Ya saɓa sandarsa a wuya, ya rataye hannayensa a kai, ya kama hanya. Auta ya tsaya a ƙofa yana kallon sawunsa a jiƙaƙƙen yashi, yatsu biyar biyar, har yayyafin ya fara cika su.